Ruwan da Jumai Ta Kai

Shekarar da sanƙarau ya shigo Azare, ya ɗauke Talha ɗan Ya Fanna tun ba a gama jiƙa masa magani ba. Shi ke kula da shuke-shuken gidan Bature a bariki. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari wani ɗan itace ne a fasasshen tulu bayan ɗakin uwarsa, ganye sirara kamar allura, in ka murza ƙamshin ya bi hannunka har la'asar. Rozmari Turawa ke ce masa.

Ya Fanna ta mayar da itacen nan ɗa. Ta yi masa rumfar zana kar rana ta taɓa shi. Ruwa kuwa safe da yamma, da ƙoƙon da Talha ke shan fura.

Jumai maƙwabciyarta tana kallo ta ɓular danga. Mijinta Saleh kuku ne a gidan Baturen, kuma ta ji da kunnenta yana cewa abin nan rana yake so, ruwa ne ajalinsa. Magana ɗaya ce, a miƙa ta kan danga kamar aron gishiri. Amma Jumai ba ta da mantuwa. Ranar da aka kai ɗanta na uku makwanci, tana zaune kan tabarmar gaisuwa, ta ji Ya Fanna na ce wa wasu mata, "Wasu hannuwan ko barkono suka shuka ba ya fita."

Da ganyen ya fara rawaya, Ya Fanna ta leƙo.

"Jumai, zo ki ga yaron nan. Kamar ba shi da lafiya."

Jumai ta zo, ta tsuguna, ta tsoma yatsa a ƙasar da ta riga ta zama kunu.

"Ƙishi ne, Ya Fanna. Abin Turawa ai ba ƙaya ba ce. Ba ki ga yadda suke wanka ba, sai sun shiga cikin ruwan gaba ɗaya?"

"Ga bayana ya ƙi, ga rijiya da nisa."

"Ni ina raye za ki je rijiya? Haba dai."

Daga ranar Jumai ce mai ɗebowa. Tulu guda da hantsi, guda da yamma, ba fashi ko ranar kasuwa. Unguwa ta ɗauka, yarinyar kirki, Allah ya ba ta masu yi mata. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai, wai kunya.

Kafin damina ganye ya zube. Ya Fanna ta ɗan taɓa itacen, ya biyo hannunta, saiwar baƙa ƙirin, tana wari kamar kwatami. Ta zauna daɓas a ƙasa. Kukan da ba ta yi ranar jana'iza ba, ranar ta yi shi.

"Na gaza masa, Jumai. Da na ƙara masa ruwa. Ke dai kin yi iyakar yinki, Allah ya yi miki albarka."

Jumai ta amsa da amin. Ta ɗauki tulunta, ta gyara gammo, ta dubi saiwar a cinyar tsohuwa.

"Ki yi haƙuri, Ya Fanna. Wasu hannuwan haka Allah ya yi su."