Gangaren da Ijja Take Kwance

Shekara hamsin da ɗoriya Bihi yana hawa dutsen Ukaimedan, amma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa da hunturu ba. Me zai kawo shi? Makiyayi ne. Ran goma ga Agusta ake buɗe makiyayar, su hau da tumaki da iyali da buhunan sha'ir, kafin sanyi ya kankama sun gangara gida. Abin da ake yi a dutsen bayan tafiyarsu kuwa, a wurinsa aikin 'yan birni ne da kuɗi ya yi wa yawa.

Ranar Asabar a kasuwar Asni wani mai dogon baki ya tare shi. "Bihi, ashe 'yarka Hniya ce ke jan mutane suna zamiya a dusar ƙanƙara ta kan gangaren da kuka binne Ijja? Da idona na gani, daga ƙasa." Ijja matarsa ce. Shekara tara ke nan da rasuwarta a can sama, a wani Satumba da ambaliya ta cinye hanya, dole aka binne ta kusa da bukkarsu ta dutse. Bihi bai sayi sukarin da ya je saya ba. Washegari ya naɗe cikin burnus ɗinsa, alkyabbar ulu mai hula, ya hau tasi, bai gaya wa kowa ba.

Da tasi ta sha kwanar ƙarshe sai mamaki ya kama shi. Ya san za a ga ƙanƙara, ai tana sauka a ƙauyensu ma, ta kwana biyu ta zama taɓo. Wannan daban ce. Filin da ya sani da ciyawa har gwiwa ya zama fari fat daga bakin hanya har inda dutse ya taɓa sama, rana na dukansa yana mayar mata, sai da ya kare ido da hannu. "Ikon Allah," ya ce. Ya sake cewa, "Ikon Allah."

Ga mutane kuma, jama'a! Kamar an juye birnin Marakesh a nan. Manyan motoci sun toshe hanya, direbobi na zage-zage. Mata cikin jallabiya sun zauna a kan ledoji suna sulalowa suna ihu, mazansu na ɗaukar hoto. Masu zuma da tuffa na kiran ciniki, hayaƙin tukwanen tajin da ake dafa nama a ciki ya gauraye da ƙamshin shayi. Can sama kuwa waɗansu ƙananan ɗigo-ɗigo ne ke saukowa daga ƙololuwa a karkace, da gudun da Bihi bai taɓa ganin ɗan Adam ya yi da ƙafarsa ba. Ya tsaya yana kallonsu har ya kusa manta abin da ya kawo shi, kuma ya ji haushin kansa.

"Kai! Wa nake gani? Bihi da kansa?" Lahsen ne, abokinsa tun suna yara, wanda da bazara yake kiwo, da hunturu kuma yake ba da hayar alfadarai da katakon zamiya, dogayen falankan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa. "Tumakin ne suka aiko ka ka yi musu rajista?"

"Ina Hniya?"

Lahsen ya dubi fuskarsa, dariyar ta koma ciki. Ya nuna masa da haɓa.

Tana tsakiyar wasu 'yan birni guda shida, sanye da jar riga ta masu koyarwa, rana ta ƙona mata kumatu. Da ta hango shi ta sulalo ta tsaya cak a gabansa, ta kama hannunsa za ta sumbata. Ya janye.

"Baba, lafiya? Ka ci abinci?"

"Ban zo cin abinci ba. An ce kina tara mutane suna tattaka uwarki."

"Baba, tsaya ka ji…"

"Ba abin da zan ji. Zan je in tsaya a kanta, in ga ɗan da zai bi ta kaina."

Ya juya ya kama hanya. Ai ya san wurin, ko cikin barci: daga idon ruwa a bi hagu, a wuce tsagaggen dutse, taku arba'in. Ya fita daga inda aka tattake, ƙafarsa ta nutse har gwiwa. Ya ciro ta, ɗayar ta nutse har cinya. Ya duba bai ga idon ruwa ba. Ba tsagaggen dutse. Bukkar da ya gina da hannunsa ma babu ko alamar rufinta. Gangare uku ne a gabansa, duka iri ɗaya, duka cike da mutane. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don bai san inda Ijja take ba.

Hniya ta iso ta miƙa masa sandarta. "Ba za ka gan ta daga ƙasa ba, Baba. Zo mu hau."

Bai yi musu ba, numfashi ma ya ƙare masa. Ta bar ɗalibanta wurin wani abokin aikinta, ta kai shi layin kujerun da waya ke ja zuwa ƙololuwa. Kujerar ta zo ta bayansa ta kwashe shi ba sallama. Ya ƙanƙame ƙarfe, ya rufe ido, ya ja salati sau ba adadi. Wannan mutum fa shi ne ke bin akuya a bakin kwazazzabo da silifas, yau ga shi yana karkarwa a kujera.

"Buɗe idonka, Baba. Kuɗinka na tafiya a banza."

Ya buɗe. Hayaniyar ta tsaya can ƙasa, ba abin da ake ji sai kukan waya da iska. Ƙafafunsa na lilo a sarari. Duwatsun da ya saba ɗaga kai ya kalla suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, wani a bayan wani, farare, har da waɗanda bai taɓa sanin suna nan ba. Daga arewa ƙasa ta shimfiɗe ja, babu iyaka, da wani duhu-duhu da Hniya ta ce Marakesh ce. Wata mikiya ta gifta, a ƙarƙashinsu. Shekara hamsin yana ganin cikin mikiya, yau ya ga bayanta. Ya ji kansa ƙarami ƙwarai, kuma abin mamaki bai ji zafin hakan ba.

"Yanzu dubi hagu, ƙasa da turken wayar nan na bakwai," in ji ta.

Ya duba. Gangaren duk an zane shi da sawun katako, dubbai, sun hau juna sun sarƙe. Amma a tsakiya akwai wani wuri da bai fi faɗin ɗaki biyu ba, sumul, ko tsuntsu bai taka ba. Sawun na zuwa kansa sai su rabu biyu, su kewaye, su sake haɗuwa a ƙasa. Yana cikin kallo wani ƙato mai koriyar riga ya taho a guje kai tsaye, da ya matso sai ya karkata ya bi dama. Mata biyu suka bi hagu. Wani da ko tsayuwa bai iya ba ya yi ta fama da sanduna har ya kauce.

"Kafin ƙanƙara ta sauka nake zuwa in daidaita wurin da turken can da bakin dutsen can," in ji Hniya. "Shekarar farko sanda na kafa, na ce wa ɗalibai akwai dutse mai kaifi a ƙasa. Sauran masu koyarwa sun san gaskiya, suka bi. Kawu Lahsen kuwa duk wanda ya ba haya sai ya ce masa akwai rami da ya taɓa haɗiye Bafaranshe."

"Su kuma waɗannan? Sun san ta?"

"Ina! Yawancinsu ba wanda ya gaya musu komai. Sawu suke bi. In sabuwar ƙanƙara ta sauka, ni nake fara saukowa in zana musu hanya."

Bihi ya sake duban wurin. Kunya ta rufe shi, hawaye na daskarewa a gemunsa. Kujerar ta kai ƙololuwa ta juyo da su, bai ɗauke ido daga wurin ba har suka sauka.

"Ina so in je," ya ce.

"Da ƙafa ba za ka kai ba, ka gani da kanka. Sai a kan katako."

"To, kawo katakon."

Lahsen ya yi dariya har da riƙe ciki, amma shi ya durƙusa ya cusa masa ƙafa cikin takalman nan masu nauyin turmi. "Ka ga ango! Hniya, in ya karye ni ba ruwana, ƙashin tsoho ba ya ɗoruwa."

"Wata uku ka girme ni, tsohon banza," in ji Bihi.

A wani ɗan fili mai sauƙi ta koya masa. Ya haɗa hancin katakon, ya buɗe dunduniya, ya tura ƙirji gaba. Nan ne rigimar. Duk makiyayin da zai gangara dutse baya yake jingina, ya kafa dunduniya a ƙasa, haka ƙafarsa ta saba tun kafin ya yi wayo. A kan katako kuwa, da ka jingina baya sai su tsere da kai. Sau bakwai ya faɗi. Wata mata 'yar Kazablanka ta ce, "Sannu Alhaji, ni ma jiya haka na sha." Ya harare ta, ya tashi. Hniya ta yi ta faɗa, "Gaba, Baba! Gaba!" Shi da ya koya mata tafiya a kan dutsen nan, yau ita ke gyara masa gwiwa da hannu, kuma ta iya, ya ga ta iya.

Bayan la'asar Lahsen ya ɗora shi a alfadari ya kai shi saman gangaren. Hniya ta tsaya a gabansa tana fuskantarsa, ta riƙe bakin sanda ya riƙe ɗaya, tana sulalewa da baya tana jansa a hankali. Mutane na wucewa fuu ta kowane gefe. Wurin nan sumul da ba a taka ba ya fara bayyana a ƙasa, yana ƙara girma.

"Sake ni," ya ce.

"Baba, da saura."

"Ba za a kai ni wurin Ijja a jaye kamar akuyar sayarwa ba. Sake ni."

Ta sake. Taku goma na farko kamar gaske. Sai gangaren ya ɗan ƙara tsauri, ƙafar makiyayi ta tuna halinta, ya jingina baya. Katakon suka daidaita suka ɗauke shi. Ya wuce Hniya kamar an harba shi, burnus na kaɗawa, iska na yanka masa ido. Ya ji tana ihu, "Hancin! Haɗa hancin!" Ina! Sawun mutane suka rabu biyu a gabansa, shi bai san yadda ake bin ko ɗaya ba. Kai tsaye ya nufi wurin da mutum dubu suka kauce wa.

Sai ya jefar da kansa. Ya faɗi a kan kafaɗa da duk nauyinsa, ya tura hannuwa cikin ƙanƙara har gwiwar hannu yana damƙa, katako ɗaya ya ɓalle ya yi hagu abinsa. Ya ja, ya ja, ya tsaya.

Hniya ta iso ta durƙusa a kansa tana haki. "Baba! Ka ji ciwo? Motsa hannun in gani."

Bakinsa cike da ƙanƙara. Ya tofar, ya ɗago kai da ƙyar. "Na taka?"

Ta duba. Tsakanin gwiwarsa da inda wurin da ba a taka ba ya fara bai kai kamu ɗaya ba.

"Ba ka taka ba, Baba."

Ya yunƙura ya zauna, kafaɗar na yi masa zugi. Wasu samari uku suka taho a jere, suka rabu, biyu dama ɗaya hagu, ba wanda ya ko kalle su. Bihi ya yi wa Ijja sallama da ƙaramar murya. Sannan ya laluba ya kamo hannun Hniya, da safar hannun da komai, ya ɗora a goshinsa ya daɗe bai saki ba.

"Cire katakon nan ki zauna," ya ce. "Mu yi mata addu'a."