Zufar Talatu

Mai gadin ƙofar kanti ya ɗora mata na'urar auna zafi a goshi, ya duba, ya sake ɗorawa. Talatu na tsaye, takunkuminta ya jiƙe sharkaf, wata wuta na taso mata daga ƙirji zuwa kunnuwa. Waɗanda ke bayanta a layi suka dare. Shekarar korona ce, kuma duk gwajin da aka yi mata a Doha amsa ɗaya yake bayarwa: ba ta da komai.

Ba ta da komai, amma barci ya ƙaurace mata. Ta ɗora tukunya ta manta, ta yi wa mijinta Mijinyawa tsawa a kan cokali. Shi injiniyan gas ne, ya san ciwon kowane bututu, na matarsa kuwa sai ya ce ta yawaita azkar.

Dakta Haulat, wata Bazazzagiya mai aiki a wani asibiti a unguwar Al-Sadd, ita ta kira abin da sunansa. Al'ada ce ke bankwana, sinadarin homon na jiki ya ja baya. Ta yi mata tambayoyi har kan cututtukan danginsu, ta faɗa mata amfanin maganin da haɗarinsa ba ɓoye-ɓoye, sannan ta rubuta mata ƙwaya da wani mai na shafawa a dantse. Ba a daɗe ba Talatu ta dawo mutum. Har dariyarta ta dawo, amma ko Mijinyawa ba ta gaya wa dalili ba.

*

Da gasar cin kofin duniya ta zo, kowane gida ya cika da baƙi. Rabon Talatu shi ne Hajiya Ajaratu, yayar Mijinyawa, wadda ba ƙwallo ya kawo ta ba, kasuwar gwal ce. Mace ce da ba ta shiga ɗakin mutane ta fito ba ta ja durowa ba.

Wata Juma'a maza suka tafi filin wasa, mata suka taru a gidan Raliya, ƙawar Talatu, a unguwar Old Airport. Matan likitoci ne da na malaman jami'a, wasu da digirinsu biyu a akwati. Ana cikin cin dambu Ajaratu ta zaro kwalbar man daga jaka ta ɗaga sama.

"Ku da kuka yi boko, ku karanta mini. A ɗakin ƙanena na tsinta."

Raliya ta karanta, ta taɓe baki. "Maganin waɗanda suka daina ne."

Nan fa kowa ta zama likita. Wata ta ce ciwon daji yake sawa, ta gani a waya. Wata ta rantse maganin tsarin iyali ne aka canja wa kwali. Ruƙayyatu, mai sayar musu da haɗin kayan mata a robar da ko suna babu, ta ce ita ba ta saka wa jikinta abin da ba ta sani ba. Rabin masu wannan fatawa kuwa fifita suke da mayafi, ga na'urar sanyaya ɗaki na ta aiki.

Talatu ta so ta ce musu yanzu tana barci. Ta so ta ce Raliya ma ta je a duba ta. Amma ta ga kallon da ake mata, irin wanda ake wa macen da aka gama da ita, wadda daga yau sai dai a ba ta tabarma da jikoki.

"Yaya, ba nawa ba ne," in ji ta. "Maƙwabciyata ce ta ba ni ajiya."

"Khalas, shi ke nan, a zubar," in ji Raliya.

Aka jefa kwalbar cikin kwandon shara, kan ƙasusuwan kaza. Talatu ta taya su dariya, tana jin ƙyamar kanta.

*

Ƙwayar ma ta daina sha, don Ajaratu na gidan da idanunta. Dakta Haulat ta kira, Talatu ta bar wayar ta yi ta ruri. Kafin a kai wasan ƙarshe wutar ta dawo, barci ya sake tafiya, tukwane suka koma ƙonewa.

Ranar wasan ƙarshe aka sake taruwa a gidan Raliya. Da aka kira magariba mata suka miƙe neman sallaya. Ajaratu, mai jika a jami'a, ta gyara zama ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, ita tana fashin salla. Babu wadda ta yi dariya. Sai idanu suka juyo kan Talatu, ana jira a gani.

Fiye da shekara rabonta da ganin jini. Da alwalarta ma ta fito daga gida.

"Ni ma," ta ce.

Ajaratu ta miƙo mata farantin dabino. Ta karɓa ta riƙe a cinya, tana jin kabbarar 'yan'uwanta a bayanta, har jan almuru ya ɓace a taga.