Makirufon da ke Wuyan Fasto

Shekara arba'in da ɗoriya Iya Mai Sabulu tana durƙusawa a gaban bagaden cocinsu, maganarta ba ta taɓa riga ta isa gida ba sai ran Lahadin nan.

Bayan wa'azi, fasto ya kira masu damuwa su fito a ɗora musu hannu. Iya ta fita, ta jawo shi kusa, ta raɗa masa abin da ke cin ta. Ɗanta kafinta shekara tara da aure babu haihuwa, dangi sun sa matarsa a gaba, alhali likita ya ce matsalar daga wajensa take. Mutum uku suka san wannan a gidan, shi da matar da Iya. Ashe akwai wani ɗan mitsitsin makirufo maƙale a wuyan rigar fasto. An kashe lasifikar cikin coci, amma an manta da layin da ke kai sujada kai tsaye, hoto da murya, cikin wayoyin mutane.

Kafin Talata, masu shagunan layinsu sun fara tambayar kafinta ko yana shan maganinsa a kan lokaci. Ya zo ƙofar Iya, ya ƙi shiga.

"Uwata na gaya wa," in ji shi. "Ban san gidan rediyo na gaya wa ba."

Daga ranar ya daina ɗaga wayarta.

Laraba da safe Iya ta tura ƙofar ofishin fasto ba sallama. Yana zaune da mai kula da na'urorin coci, suna duban kwamfuta.

"Mama, ga kujera."

"Ban zo zama ba. Ka gaya mini, da Allah na yi magana ko da kasuwa?"

"Kuskure ne aka samu, Mama."

"Kuskure shi ne a zuba gishiri a shayi. Wannan tsirara kuka yi wa ɗana."

Mai na'urori ya gyara murya. "Mun cire bidiyon daga intanet tun jiya. Sai dai an riga an yanko wurin, yana yawo."

"To ku bi ku tsinto."

"Ba ya tsintuwa, Mama," in ji mai na'urorin. "Amma kin san mutum nawa suka rubuta Amin a ƙasansa? Ba mu taɓa samun irin haka ba."

Iya ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ka tattara Amin ɗin ka kai wa uwarka. Da can in mutum ya durƙusa a wurin nan, ko mai shara sai ya ajiye tsintsiya ya juya baya. Yanzu kun kafa ido a kan sanda, kun maƙala kunne a wuyan riga, kuna cewa aikin Ubangiji kuke."

Abu ɗaya ta nema. Fasto ya tsaya a gaban ikilisiya ya faɗa da bakinsa cewa laifinsa ne, ita raɗa ta yi, don ɗanta ya ji. Fasto ya amince nan take, har ta ɗan yi mamakin saurinsa.

Kwana uku tana bin surukarta da roƙo kafin aka shawo kan kafinta. Ran Lahadi ya zo, ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, kansa a ƙasa.

Fasto bai yi ƙwauron baki ba. Ya ɗauki laifin gaba ɗaya, ya ce Mama ba ta da laifi ko kaɗan. Zuciyar Iya ta fara sanyi. Sai ya ɗaga hannu.

"Abin da Shaiɗan ya shirya don kunya, za mu mayar da shi shaida. Ina ɗanmu kafinta? Tashi mu gan ka. Jama'a, da ku da ke nan da masu kallo a gida, ku miƙa hannu wajensa."

Kyamara ta juya. Fuskar da mutane suka ji labarinta kawai ta cika babban allon da ke bayan bagade, har gumin goshinsa ana gani. Hannuwa suka miƙe, rabinsu riƙe da waya.

Kafinta ya tashi, ya fita. Matarsa ta bi shi.

Iya ta ratsa benci tana ture gwiwoyin mutane. Ta same shi a waje yana tayar da babur, matar ta hau baya.

"Tsaya ka ji. Ba haka muka yi da shi ba. So nake ka san ba ni na tona maka asiri ba."

Bai dube ta ba. Ya daidaita madubi.

"Na sani yanzu, Iya. An wanke ki."

Ya ja babur ɗinsa. A ciki ana ta addu'a a kansa, lasifika a buɗe har titi.