Hararar Uwar Jinƙai

Kawuna He Wenbi bai taɓa ɗaukar abin da ya fi shahonsa nauyi ba. Ba gori nake masa ba, haka mazan ƙauyenmu suke. Mu mata muna gona muna kasuwa, kwando a gadon baya, su kuwa suna ban-ruwan furanni, suna gyara tsirkiyar goge, suna jiran a ce abinci ya sauka. Sai dai Kawu yana da abin da sauran ba su da shi: shi ne mutumin da ya ceci bango.

Bangon ƙaramin haikalinmu nake nufi, wanda ke gindin Dutsen Ƙanƙara. Zanen da ke jikinsa ya haura shekara ɗari huɗu, baƙin fili ne da zaren zinariya. Masu zanen daga wurare daban-daban suka zo, na Tibet ya kawo allolinsa, ɗan Han ya kawo nasa, namu na ƙabilar Naxi ya cusa namu, duk suka zauna a bango ɗaya ba ka-ce-na-ce, abin da ya gagari dangina ko a cin abincin sabuwar shekara. Can ƙasa akwai mai alfadari da masunci da wata mata mai sussuka. A tsakiya kuma Guanyin ce, Uwar Jinƙai. Ana ganin hannuwanta da mayafinta, amma fuskarta a rufe take da tsohuwar jarida, tun kafin a haife ni.

A shekarun da samari suka ɗaura jan ƙyalle a damtse suna farfasa duk wani tsohon abu, an mayar da haikalin rumbun hatsi. Wata rana aka wayi gari bangon duka a lulluɓe da jaridu masu ɗauke da jawaban Shugaban ƙasa, kuma ba mai ƙarfin halin yaga su. Da ƙura ta lafa mutane suka fara ɓamɓarewa, fenti yana biyo takarda, sai hukuma ta ce kada wanda ya ƙara taɓawa. Fuskar kaɗai ta rage.

Kawu ne ke riƙe da mabuɗi, shi ke yi wa baƙi bayani. “Da hannun nan na dama kunun alkamar da na liƙa su,” yakan ce. “Ko ƙuda bai taɓa fuskar nan ba.” Ina ƙarama, a labarinsa samari biyar ya tare a ƙofa. Da na yi aure sun zama ashirin. Bara na ji an ƙara musu karnuka. Mahaifiyata Ruxiu, wadda ita ce yayarsa, tana gasa dankali a bakin ƙofar tana jin komai, ba ta taɓa cewa abin da ya wuce “Uhm” ba.

Sai takarda ta zo cewa za a turo wata ƙwararriya, Malama Zhao, ta cire jaridar ƙarshe. Gari ya ɗauki murna. Kawu kuwa ya daina cin abinci.

Ranar da ta iso, mabuɗi ya ɓace. Inna ta zaro shi daga tukunyar furensa ba tare da ta dube shi ba. Washegari Kawu ya kawo dongba, tsohon da ke duba mana ranaku, ya ce watan nan gaba ɗaya ba kyau. Warin giyar Kawu na tashi a gemunsa. Malama Zhao ta ce za ta jira sabon wata, dama tana da aikin ɗaukar hotuna. Daga nan Kawu ya fito da dabarar da ni kaina na yaba.

“Malama, jaridar nan fa ita ma ta zama kayan tarihi. Shekara hamsin. A lalata tarihi don a ga tarihi?”

“Gaskiyarka, Baba,” in ji ta. “Shi ya sa zan cire ta cif, in sa ta a gilashi, da sunanka a ƙasa.”

Ana gobe za a yi aikin na kai masa abincin rana. Na tarar da shi a tsakar gida yana ba shaho nama.

“Lanzhi, rufe ƙofa,” ya ce. Na rufe. “Ni na ƙwaƙule mata idanu.”

“Wa?”

“Wa kuwa? Uwar Jinƙai. Da ƙusa. Ina shekara sha bakwai, da jan ƙyallena, ana tafa mini. Duka biyun. Na dawo gida zazzaɓi ya kayar da ni kwana uku. Da na tashi na tarar da bango a rufe. Har yau ban san wanda ya rufe shi ba.”

“To ina aka samo kunun alkama da karnuka?”

“Bayan shekaru wani ya ce ai Wenbi ne ke karɓar jaridun rumbu, lalle shi ne ya yi. Ni kai kawai na gyaɗa.”

“Kawu, shekara hamsin kana gyaɗa kan nan, bai yi maka ciwo ba?”

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ma na sha ba da labarin nan ga dangin mijina da fahariya. Amma da na dube shi sai tausayi ya kama ni. Tsoho ne da ba shi da gona mai kyau, ba ɗa namiji, ba sana'a, sai wannan suna guda, kuma gobe ramuka biyu za su cinye shi a gaban kowa.

Da hantsi haikali ya cika. Tsofaffin mata sun jeru a gaba sanye da fatun tumakinsu na gargajiya masu adon taurari bakwai, maza a baya da lofe. Kawu ya sa hularsa ta zuwa jana'iza. Malama Zhao ta hau tsani, tana jiƙa takardar da ɗan tururi, tana ɗaga ta da siririyar wuƙar gora, kaɗan-kaɗan har sai da wuyana ya ƙage. Goshi ya fito. Gira ta fito. Kawu ya runtse ido. Ni ma na runtse.

Sai na ji dariya. Wata tsohuwa ce ta fara, sauran suka kama, har wata tana riƙe ciki.

Na buɗe ido. Babu ramuka. Idanu ne, baƙaƙe wuluk, amma ba irin lumsassun idanun jinƙai da ke sauran bangon ba. Na hagu ya ɗan ƙanƙance, na dama ya buɗe, dukansu sun karkata gefe suna duban ƙasa. Uwar Jinƙai tana harara.

“Wannan ai hararar Shuzhen ce,” in ji tsohuwar da ta fara dariya. Shuzhen kakata ce, mahaifiyar Inna da Kawu. Duk wanda ya taɓa satar mata 'ya'yan itace ko ya taka mata shuka ya san kallon nan.

Malama Zhao ta kara gilashinta, ta daɗe tana dubawa. “Ba na asali ba ne. An cike ramuka da laka da garin alkama, aka zana da kunkunniyar tukunya. Wani ya san labarin?”

Inna ta goge hannu a zane, ta shigo daga wajen dankalinta. “Iya ce, mahaifiyarmu, ta zana su. Ni na riƙe mata madubin.”

A wajenmu ido ne ƙarshen abin da ake zana wa allah, kuma mai zane ba ya fuskantarsa, don kallon farko yana da nauyi. Baya yake juyawa, ya dubi bangon ta cikin madubi, ya miƙa buroshi ta kafaɗa. Amma ba a barin mata su shiga ranar buɗe ido. Abin da Kaka ta sani kawai shi ne ana shiga da madubi.

“To sai ta duba madubin,” in ji Inna, “ta zana abin da ta gani. Kuma ranar ranta a ɓace yake.”

“Wa ya ƙwaƙule na asalin?” Malama ta tambaya.

Inna ta dubi rufi. Tsofaffin mata suka dubi takalmansu. Kawu ya yi gyaran murya har sau biyu.

“Ni ne,” ya ce.

“Mun sani,” in ji matan, kusan baki ɗaya.

“Kun sani?”

“Daga gida bakwai aka haɗa garin alkamar da Shuzhen ta liƙa jaridun da shi, Wenbi. Kana tsammani ba mu tambayi dalili ba?”

“Yaya, ke ma? Shekara hamsin kina zaune a ƙofa ina zuba, ba ki ce komai ba?”

“Labarinka yana sayar mini da dankali,” in ji Inna. “Musamman da ka sa karnuka.”

Da dariya ta lafa, Malama Zhao ta ce a ƙa'idar aikinsu ana iya cire abin da aka ƙara daga baya, a bar gurbin fili, ko kuma a bar shi yadda yake. Ta ce za ta rubuta abin da gari ya zaɓa. Kowa ya juya ya dubi Kawu.

Shi bai ji ba ma. Ya matsa gaban bangon, ya ɗan ja hagu, ya ɗan ja baya, har ya sami daidai inda hararar ke sauka, ya tsaya. Kaka ta rayu shekara talatin bayan wannan abu, tana zuba masa abinci kullum, ba ta taɓa ɗaga masa maganar ba.

“Da ta gama, me ta ce?” ya tambayi Inna, bai juyo ba.

“Ta wanke hannu, ta ce mu yi sauri, yaron nan bai sa komai a cikinsa ba tun jiya. Ragowar garin ta dama maka kunu da shi.”

Kawu ya cire hula. Na ga kafaɗunsa suna motsi, ni ma hawaye ya zubo mini.

“Malama, a bar su,” ya ce. Sannan ya ɗaga kai ya dubi idanun, da murya irin ta yaron da aka kama. “Iya, na ji.”