Dashen Turare Ɗari Biyu

"To wa yake shayar da dashen nan? Aljanu?" Mama ta faɗa tana nuna ƙofar gona da cokalin shayi.

"Wataƙila raɓa ce," in ji Baba, bai ko ɗago kai ba.

"Raɓa a tsakiyar zafin Janairu, Lindsay? Shekara talatin da huɗu muna tare, har yau ba ka iya ƙarya ba."

A ƙasarmu Janairu watan tsananin zafi ne. Ni dai na lura bokitin da muke tara ruwan wanka kullum wayam yake wayar gari.

Maƙwabcinmu Wal Treloar ne ya ba wani kamfani hayar filin kiwonsa, za a shimfiɗa farantan sola tun daga shingenmu har gindin tudu. Shekara biyu ke nan mutanen kwarinmu suna ja, Mama ce kuma shugabar kwamiti. Ta rubuta takardu har yatsunta suka yi kanta, ta je birni sau bakwai, kowane zuwa ta dawo da shaƙaƙƙiyar murya. Bara mu arba'in ne a zauren taro, bana in an cika goma sha biyu sai a yi murna.

Ran nan motar kamfanin ta sauke wa duk gidan da ke kallon filin dashen itacen turare, wai a shuka a bakin shinge don ya kare mana ganin farantan. Kwamiti ya yanke cewa kada wanda ya taɓa su, wanda ya shuka ya miƙa wuya ke nan. A bar su a bakin titi su bushe, ranar Asabar a ɗauki hoto a kai wa jarida.

Na kowa sun bushe ƙayau. Namu guda ɗari biyu, yau kwana tara, suna nan kore shar, duk mai wucewa yana gani.

"Beryl ta kira ni jiya," Mama ta ce. Beryl ita ce magatakardar kwamiti. "Wai ana cewa daga gidan shugaba aka fara cin amana. Ni, Lindsay! Ni da na ƙarar da ƙarfina a kan wannan abu!"

Baba ya shafa fuskarsa da hannayen nan nasa masu kaushi. Kakana ne ya sare duk bishiyoyin gonarmu, Baba kuma ya ƙare ƙuruciyarsa yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ko a tsagin siminti ya ga tsiro, kewaye shi yake yi.

"Noelene, waɗannan ba su san kamfani ba. Ba su sa hannu a takardar kowa ba."

"Ni ma ban sa ba! Ta tagar nan nake kallon tudu tun ina amarya. Ka san shekara nawa turare yake yi kafin ya rufe wani abu? Goma sha biyar. Za ka kai, tsoho?"

"Ban sani ba. Tegan dai za ta kai."

Jin sunana a bakinsa haka ya sa na ɗago na dube shi.

Mama ta zura takalman gona ta fita, muka bi bayanta. Zafi ya riga ya kankama, tumaki sun cunkushe a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A can cikin filin Wal ana hango turakun da masu awo suka kafa, jere reras har inda ido ya gaza. Mama ta tsuguna a gaban dashen da ƙyar, gwiwarta tana ƙara. Ta murza ganye ɗaya, ƙamshinsa ya tashi. Ta daɗe a haka. Ban taɓa ganin bayan mahaifiyata ya ranƙwafa kamar ranar ba.

"Na gaji," ta ce a hankali. "Wallahi na gaji da fushi."

Beryl ta taho a motarta ta rage gudu, ta leƙo ta kalle mu, ta ƙara mai ba ko ɗaga hannu.

Mama ta bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ta dafa kafaɗar Baba ta miƙe.

"Kawo a-kori-kura ka loda su. Amma ba a bakin shinge ba, ba ni zan ɓoye musu ɓarnarsu ba. A bakin rafi za mu shuka su, yau ɗin nan. Ranar Asabar ni da bakina zan faɗa a taro, in sun ga dama su sauke ni."