Birkin Zuciyar Kafinta

A gidan kafinta akwai dokar da matarsa ta kafa tun da zuciyarsa ta fara rikici: ba a gaya masa labari, na daɗi ko na baƙin ciki. Abu kaɗan ne zai sa ƙirjinsa ya hau bugawa barkatai, ya jiƙe da gumi, ya zube a kan katakon da yake gogewa. Mama, haka kowa ke kiranta har shi kansa, ita ke tace magana tun daga bakin ƙofa. Kuma Mama ba ta ɗaukar wargi.

Da aka yi masa aiki, aka zura siririn bututu ta jijiyar cinyarsa har cikin zuciya, aka ƙona wuraren da ke tayar da fitinar, yara suka ɗauka doka ta faɗi. Ina. Kullum da safe Mama takan kama wuyan hannunsa, wai gyara masa hannun riga take. Yatsunta sun saba da bugun zuciyarsa in yana lafiya, a hankali yake tafiya kamar tsoho mai sanda. Yanzu kuwa sauri yake, ko da mutumin yana zaune yana kurɓar shayi. Ta ɗauka ciwon ne ya dawo. Ba ta gaya masa ba, don wannan ma labari ne.

Ana haka autarsu ta samu juna biyu, bayan shekaru tana jira. Da ciki ya fito, Mama ta ce mata ta dakata da zuwa gida, kada murna ta kashe mata uba. Kafinta ya koma zama a ƙofar shago yana kallon hanya, zarto a cinya.

"Mama, me na yi wa yarinyar nan ne?"

"Aiki ne ya yi mata yawa."

"Uhm," in ji shi. Ranar ko rabin abincinsa bai ci ba, ita kuma abin ya tsaya mata a rai.

Ranar komawa asibiti, likita ta duba shi ta ce komai lafiya. Mama ta kasa haƙuri.

"Likita, gaskiya zuciyar nan gudu take. Ni na sani."

"Kin ji daidai," in ji likitar. "Amma tana tsalle-tsalle kamar da?"

Mama ta girgiza kai. A'a, daidai take tafiya.

"Akwai wasu ƙananan jijiyoyi a jikin zuciya, su ne birkinta. Suna dab da inda muka ƙona, zafin ya taɓa su, birkin ya ɗan saki. Yakan yi watanni a haka, a wurin wasu ma alama ce aiki ya yi kyau. Ba ciwon ne ya dawo ba."

"To, in ya ji abin murna fa?"

"Sai ya yi murna mana."

Kafinta ya juyo yana kallon matarsa. "Wane abin murna?"

Kunya da tsoro suka haɗu mata. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Auta ce. Ka kusa yin jika. Ni na hana ta zuwa."

Kafinta ya zuba mata ido. Sai hawaye, shar, a gaban likita, babba da shi. "Ashe ba fushi take da ni ba."

A cikin bas Mama ta kai hannu za ta gyara masa hannun riga, ya riƙe yatsunta gam.

"Bar zuciyar ta yi gudunta. Me kuma kuka ɓoye min?"

Ta fara da na daɗi. Ɗan ƙanensa ya samu aiki. Maƙwabcin da suka yi faɗa kan katanga ya zo gaishe shi lokacin yana asibiti, ta mayar da shi daga ƙofa. Sannan ta gaya masa tsohon maigidansa, wanda ya koya masa riƙe zarto, ya rasu tun bara.

Ya rufe ido, ya yi masa addu'a. Bas ta zo tasharsu, bai motsa ba.

"Gidan auta za mu," ya ce. "Ci gaba, ina jin ki."