Madarar Gopal

Ranar da aka ƙone gawar Banwari tela, tun masu rakiya ba su dawo daga bakin kogin Yamuna ba, Pandit Girdhar, malamin addininmu, ya aiko a kira ni. Katanga ɗaya ce tsakanina da Phoolmati, matar mamacin.

"Dulari, ɗauki Gopal ki kai shi ɗakinki," in ji shi. "Gidan mutuwa ba shi da tsarki. Ba za ta taɓa shi ba sai kwanakin makoki sun cika."

Haka littafin addini ya ce, kowa a garinmu Mathura ya sani. Kowane gida yana da nasa Gopal, gunkin abin bautarmu yana jariri. Sai dai Gopal ɗin Phoolmati ba kamar na sauran gidaje ba ne. Jariri ne na tagulla, bai cika tafin hannu ba, yana rarrafe. Uwar mijinta ce ta ba ta shi shekarar da aka fid da rai da haihuwarta. Mu muna bauta wa namu, ita kuwa rainon nata take yi. Kullum da safe sai ta tashe shi, ta yi masa wanka da ruwan ɗumi, ta sa masa riga, ta ɗuma masa madara ta ajiye a gabansa, ta ja labule ya sha a tsanake. Abin da ya rage albarka ne, ba a zubarwa, don haka sai ta kira mijin ya shanye, shi kuma yana mitar sukari ya yi yawa.

Banwari dai bai yarda da ko ɗaya ba. Da ƙuruciyarsa ya bi wani malami mai yawo, ya dawo da magana guda: wanda ake nema yana cikin ƙirji, ba a littafi ba, ba a tagulla ba. Safiyarsa a kan tabarma a baranda yake yin ta, ido a rufe, yana ɗan tarinsa. Ta katanga nake jin su.

"Wai yaron nan naki har yanzu bai fara tafiya ba?"

"Kai da ka tsufa ido a rufe, me ka taɓa gani ban da duhu?"

Amma duk rigunan Gopal shi ya ɗinka su da ragowar yadin mutane, har da 'yar hular sanyi.

To, na ɗauko Gopal, na ɗauko wa kaina jidali. Gari na wayewa sai ga kan Phoolmati a bisa katanga, cikin farin sari, zanenta na takaba.

"Dulari, kin taɓa ruwan da gwiwar hannu?"

"Na taɓa, Yaya."

"Ƙarya kike. Daga nan nake jin sanyinsa. Hular fa?"

Ni da na raini 'ya'ya biyar masu rai, yau ake koya mini wankan jariri! Na so in faɗa mata, sai na ga yadda yatsunta ke murza juna, babu abin riƙewa, na haɗiye. Ko ɗigon hawaye ba ta yi wa mijinta ba, har mata sun fara ƙus-ƙus. Abu ɗaya take so, a maido mata da Gopal.

Da abin ya ishe ta, sai ta tare Pandit a ƙofar gida, ina tsaye.

"Pandit, ka taɓa jin an raba jariri da uwarsa don an yi mutuwa a gida?"

"Phoolmati, ba ni na rubuta dokar ba."

"Mutumin nan yakan ce," ba ta taɓa faɗar sunan mijinta ba, "in zuciya ta tsarkaka, babu ƙazantar da ke hawa hannu."

"Oho! Yana raye kina ce masa ɓatacce, yanzu kin zama ɗalibarsa?" Ya gyara mayafinsa. "In kowa ya bi abin da zuciyarsa ta raya masa, wa zai gaya masa ran da ta yaudare shi? Doka shinge ce, baiwar Allah."

"Shingen da ya bar yaro da yunwa?"

Pandit ya dubi tabarmar Banwari da ke shimfiɗe a barandar. Rabin rayuwarsa a bakinta ya yi, yana shan shayi yana gardama da Banwari, ba wanda ya taɓa ka da wani. Na ga kewa ƙarara a fuskarsa.

"Ni dai ban ba da izini ba," ya ce. "Kogi za ni wanka. Kuma nakan daɗe."

Bai kai kwanar lungu ba na miƙa mata Gopal. Ni mai bin littafi ce, amma na miƙa.

Ta rungume shi tana ba shi haƙuri. Ta sake wankan da na riga na yi, ta canza rigar, ta gyara hular. Ta ɗuma madara, ta zuba sukari cokali cike, ta ja labule. Rabon da in ga fuskarta a sake haka tun kafin Banwari ya kwanta. Bayan ɗan lokaci ta ɗauko kofin, ta juya wajen baranda yadda ta saba.

"Kana ji? Zo ka shanye kafin ta huce."

Tabarmar tana nan, da lotsawar zamansa a tsakiya.

Ta tsaya da kofin a hannu. Kukan da ta riƙe duk kwanakin nan ya ƙwace mata, ni ma na taya ta, har madarar ta yi sanyi.

Da ta lafa, ita da kanta ta naɗe Gopal a mayafi ta ba ni.

"Mayar da shi, Dulari, sai kwanakin sun cika. Ya ƙoshi. Ba shi ne mai yunwar ba."

Washegari ban ga kanta a katanga ba, sai na leƙa. Tana zaune a kan tabarmar, ido a rufe, kofin a gefenta. Na jira har ta motsa.

"Yaya, me kike gani?"

"Duhu," ta ce, ba ta buɗe ido ba. "Yi shiru mana. Ina jin tarinsa a ciki."